Zhejiang Ba Kasuwar Yiwu Kaɗai Ba Ce

Ɗan kasuwar Kano in ya ce maka ya je China, ɗayan biyu ne: ko Guangzhou ko Yiwu. Kawuna na Yiwu ne. Ya daɗe yana saro fulas-fulas da kulolin abinci da ƙananan kayan kicin daga can, amma ka tambaye shi sunan lardin da garin yake, sai ya ce maka wannan ba ya cikin lissafin kwantena. Da gwiwa ta fara damunsa, ya ce in raka shi in riƙa yi masa zirga-zirgar cikin kasuwa. Na ce na yarda, amma in an gama ba da oda ana jiran kaya su taru a sito, zai sake ni in zaga. Ya ce, "Zaga mana, ɗana, in dai ba da kuɗin kaya ba."

Sunan lardin Zhejiang. Yana bakin teku a gabashin ƙasar, kudu da Shanghai, kuma ƙidayar 2020 ta ba shi mutum miliyan 64 da ɗoriya. Mutanensa suna cewa in ka raba ƙasarsu goma, bakwai tsauni ne, ɗaya ruwa, biyu kacal gona. Wanda ya shiga jirgin ƙasa a can ba ya buƙatar a rantse masa, don da kun fito daga ramin wani dutse sai ku faɗa na gaba. Gona ta yi kaɗan, baki ya yi yawa, dole mutane suka kama sana'ar hannu da fatauci tun zamanin da.

Yiwu ma talauci ne ya haife ta. Ƙasarta ba ta da ƙarfi, sai an ɗura mata taki. In an gama girbi, manoma kan rataya kwanduna biyu a sanda, su riƙe wani ɗan ganga da ake kaɗawa da juya hannu, su bi ƙauyuka suna ba da mazarƙwaila da allura da zare, ana biyansu da gashin kaji. Gashin mai kyau a yi abin kakkaɓe ƙura da shi, ragowar a zuba a gona. Zamanin shugaba Mao an hana wannan, an ce jari-hujja ne, amma ba su daina ba, a ɓoye suka ci gaba. Sai a 1982 shugaban jam'iyyar Kwaminis na gundumar, Xie Gaohua, ya ɗauki kasada ya ce a bar mutane su kasa kayansu a fili. Kasuwar farko a gefen wani titi ta ci, a unguwar Huqingmen.

Yau abin ya wuce a kira shi kasuwa. Manyan rukunan gine-gine biyar muka tarar, haɗe da juna, hawa-hawa, da shaguna kusan 75,000. Akwai layin da ba a sayar da komai sai zif. Akwai na maɓalli, akwai na laima, akwai na furen roba. Na tsaya a wani shago cike da darduma da carbi da agogon bango mai kiran sallah, maƙwabcinsa kuwa bishiyar Kirsimeti yake sayarwa, kuma daga shi har mai dardumar babu wanda abin ya shafi addininsa. Ciniki da kalkuleta ake yi: ta danna, ka goge ka danna naka, ta yi dariya ta girgiza kai. Ba a sayar maka da ɗaya, sai dai ka duba samfur ka faɗi katan nawa.

A wani shagon fulas na ga abin da ya tsaya mini a rai har ƙarshen tafiyar. Kawu ya nuna wanda yake so, sai matar ta shiga ciki ta fito da guda uku ta jera a tebur. Launi ɗaya, zane ɗaya, murfi ɗaya. Ta ce in ɗaga. Na farko da nauyi, na biyu dama-dama, na uku sakayau. Ta buɗe su ta nuna mana kaurin ƙarfen ciki da robar bakin murfin, sannan ta danna farashi uku. Tambayarta ɗaya ce ta bakin tafinta: wace kasuwa za a kai? Kawu ya juya na farkon a hannu ya fi sau nawa, ya ajiye, ya ɗauki na uku. Da muka fito na ce, "Kawu, ai na farkon ne kaya." Ya ce, "Na sani. Kai za ka saya a Sabon Gari in na faɗa maka kuɗinsa?" Ban ce komai ba. In mun ce abu "ɗan China ne" muna nufin ba ya ƙarko, amma mai ƙarkon yana nan a kan tebur guda, mu ne muke barinsa a can.

Tafintan namu Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui daga Ningxia, can arewa maso yamma. Irinsu suna da yawa a Yiwu, sun yi karatun Larabci a makarantun masallaci, kasuwa ta jawo su. Da ɗan Larabcin Islamiyyata muka riƙa fahimtar juna. Shi ya kai mu Juma'a a babban masallacin garin, wanda asalinsa masaƙar siliki ce aka mayar masallaci a 2004. Sahu ya haɗa Yamalawa da 'yan Iraƙi da Pakistan da Senegal da Mali, kuma a wajen alwala na jiyo Hausar Maraɗi a bayana. Shi ne kuma ya ja mini kunne game da abinci. Naman alade ba shi ne abin tsoro ba, don wannan kana gani. Giyar shinkafa ce, wadda suke zubawa a girki har na kifi da ganye. Ya ce in na bar Yiwu in riƙa neman shagunan taliyar hannu masu koren allo, na Musulmin arewa maso yamma, babu garin da ba su kai ba. Gaskiyarsa. Taliya da romon naman sa na ci har na gaji da ganinta.

Da na ce masa ina son ganin abin da lardin yake sayar wa duniya kafin zuwan roba, sai ya ce in gangara kudu, Longquan.

Garin yana cikin tsaunuka kusa da iyakar lardin Fujian, kuma abu biyu aka san shi da su: koren tangaran da takobi. Tangaran ɗin ya kai ƙololuwarsa a ƙarni na 12 da na 13, zamanin daular Song ta Kudu. Korensa ba fenti ba ne. Garin dutse ne da toka ake damawa a shafe jikin kwanon, da ɗan sinadarin ƙarfe a ciki, sannan a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,300 tare da toshe wa wutar iska. In an toshe daidai ya fito kore mai sanyin ido, in iska ta shiga ya koma ruwan ƙasa. Masu kyan sai an shafa an gasa, an sake shafawa an sake gasawa, har shafin ya yi kauri ka ga kamar kana leƙa ruwa mai zurfi. Tanderun da dogaye ne, a kwance suke hawa jikin tudu, ana cusa musu itace ta gefe. A ƙauyen Dayao har yanzu ana ganin kufansu, ƙasa cike da fasassun kwanuka. Yanzu galibi da gas ake gashi.

Iri biyu ne. Akwai mai santsi tas, akwai mai shafi a tsattsage kamar gizo ya yi saƙa, kuma da gangan ake yinsa haka. Suna da labarin wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, kowa da tanderunsa: na wan shi ne mai tsagar, na ƙanen mai santsin.

Na shiga wani ɗan gidan sana'a inda wani dattijo yake fitar da kwanukan shayi daga tanderu. Kowanne sai ya ɗaga shi sama ya duba a haske, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara. Wanda ya yi masa ya ajiye dama. Wani kuwa, da ni ban ga aibinsa ba sai da ya nuna mini wani ɗigon baƙi da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗauki ƙaramar guduma ya fasa shi ya jefa a tulin da ke bayansa. Da ya ɗauko na biyu zai fasa, na tare shi, na rubuta masa a waya cewa ya sayar mini da rahusa. Ya kifa kwanon ya nuna mini hatiminsa a gindi, ya girgiza kai, ya sauke guduma. Tsakanin wannan gida da shagon fulas ɗin tafiyar 'yan awoyi ce, lardi ɗaya, mutane ɗaya.

Kuma kada a ɗauka wannan kayan cikin gida ne. Tun kafin kwantena, ta kogin Ou ake gangarar da shi zuwa Wenzhou, wani ta Ningbo, ya shiga teku. An tono gutsattsarinsa a Fustat ta Masar da Kilwa ta gaɓar Tanzaniya. Fadar Topkapi a Istanbul tana ajiye da irinsa fiye da 1,300, don sarakunan da sun yarda cewa in an zuba abinci mai guba a ciki kwanon zai tona. Wani jirgin ruwa da ya tashi daga Ningbo a 1323 zai je Japan ya nitse a gaɓar Koriya, da aka gano shi bayan shekara fiye da 600, yawancin tangaran ɗin cikinsa na Longquan ne. A 2009 UNESCO ta sanya sana'ar cikin gadon al'adun duniya.

Maƙeran takobi ban daɗe wurinsu ba. Suna jingina sana'arsu ga wani maƙeri, Ou Yezi, da aka ce ya rayu shekara 2,500 da suka wuce. Ana ninke ƙarfe a daka, a sake ninkewa, har zane mai kama da igiyar ruwa ya fito a jikinsa, kuma washi ya fi ƙirar cin lokaci. Amma yawancinsu yanzu na ado ne da na 'yan fim da na tsofaffi masu motsa jiki da safe. Ko na so saye, ba a shiga jirgin ƙasa da shi.

Daga nan na haura Hangzhou, babban birnin lardin. Nan aka kafa kamfanin cinikin intanet na Alibaba a 1999, kuma har mai gasa dankali a bakin titi da waya ake biyansa. Amma abin da ke kawo mutane shi ne Tafkin Yamma, wanda ke manne da birnin, tsaunuka sun kewaye shi ta gefe uku. Ba shi da zurfi, bai fi mita biyu da wani abu ba, kuma ba don hannun mutum ba da tuni ya zama fadama. Duk bayan wani zamani laka da ciyawa sai su cinye shi, sai an sami mai mulkin da zai yashe. Wanda aka fi tunawa shi ne Su Dongpo, mawaƙi kuma gwamnan birnin, wanda a 1090 ya tara dubban ma'aikata suka yashe tafkin. Lakar da aka kwaso bai sa an zubar ba, ya sa aka yi hanya da ita ta ratsa ruwan daga kudu zuwa arewa, kusan kilomita 3, da gadoji shida. Na taka ta da safe cikin yayyafi, ƙarshen watan Maris, itatuwa sun fara fure. Ya kuma sa aka kafa wasu ƙananan hasumiyoyi uku a cikin ruwa, alamar cewa daga nan ba a shuka komai. Waɗanda ke tsaye yanzu na ƙarni na 17 ne, kuma su ne a bayan takardar kuɗinsu ta yuwan ɗaya. Kowa a kwale-kwale sai ya zaro takardar ya ɗaga ya ɗauki hoto. Ni ma na zaro.

Abin da ya fi burge ni ba kyan wurin ba ne, shi ne ba a biyan ko sisi a zaga shi. Tun 2002 hukumar birnin ta fara rushe shingayen ta buɗe wa kowa, ta ce abin da baƙo zai kashe a masauki da abinci ya fi kuɗin ƙofa. Sai dai ranar hutu kada ka kusanci wurin, don ba tafki za ka gani ba, ƙeyar mutane ce.

Birnin ya bunƙasa ne saboda babban kogin da aka haƙa da hannu, wanda ya haɗa shi da arewa tun shekarar 610, kuma yau tsawonsa daga Beijing kusan kilomita 1,800 ne. Har gobe manyan kwale-kwalen yashi da tsakuwa suna bi ta ƙarƙashin tsohuwar gadar Gongchen. Ya zama fadar sarki kuwa saboda gudun hijira. A 1127 mayaƙan daular Jin ta arewa suka ci Kaifeng, babban birnin daular Song, ragowar gidan sarauta suka gudo kudu suka zauna a Hangzhou har Mongol suka karɓe ta a 1276. A bakin tafkin akwai kabarin Yue Fei, jarumin da ya so ƙwato arewa, aka kira shi gida aka kashe shi a 1142 bisa makircin waziri Qin Hui. Gaban kabarin an ƙera gumakan ƙarfe huɗu, wazirin da matarsa da abokan ƙullinsu biyu, a durƙushe, hannu ɗaure a baya. Ƙarni bayan ƙarni mutane suna zuwa suna tofa musu yawu, har sai da aka kafa allo ana roƙo a daina. Na ga wata tsohuwa ta karanta allon, ta waiga, ta kai wa wazirin mari.

A titin Zhongshan, cikin tsohon gari, akwai masallacin da suke kira Fenghuang. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne, rufinsa irin nasu ne mai lanƙwasassun kusurwoyi. Sai ka shiga ka ga ƙubbobi uku na tubali babu ginshiƙin katako ko ɗaya, da mihrabi na itace da aka sassaƙa wa ayoyi aka shafa ruwan zinariya. Wani Bafarishe, Ala'uddin, ya sake gina shi a 1281. A wani ɗaki a gefe an jera duwatsun kaburbura da rubutun Larabci da Farisanci, na fatake da malamai da suka mutu a nan shekara 700 da suka wuce. Na iya karanta "kullu nafsin za'iƙatul maut" a jikin ɗaya, na yi musu addu'a. Ibn Batuta ya ce ya shigo birnin nan wajajen 1346, ya kira shi Khansa, ya ce bai taɓa ganin gari mai girmansa ba, kuma Musulmi suna da unguwarsu da kasuwarsu da ladanansu. Akwai masanan da ke shakkar ko ya iso da ƙafarsa ko labari ya ji. Ko ma dai yaya ne, mutumin nan shi ne bayan 'yan shekaru, a 1353, ya sauka a Takedda cikin ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin.

Bayan tsaunukan tafkin ake noman shayin Longjing. Na yi sa'a na zo lokacin tsinkar farko, wadda ake yi kafin bikin share kaburbura na farkon Afrilu, kuma ita ce mafi tsada. Mata da malafuna suna bin layi suna tsinke toho ɗaya-ɗaya. A ƙauyen Meijiawu na zauna kusa da wani mai suya. Kasko ne na ƙarfe mai zurfi, ya shafa masa ɗan mai, ya zuba ganye cikin tafi biyu, ya sa hannunsa tsirara cikin zafin. Ya watsa, ya tattaro, ya danna a jikin kaskon, ya ja, ya sake watsawa. A hankali ganyen ya kwanta ya yi fyaɗe kamar an bi shi da dutsen guga. Ya nuna mini tafinsa, duk kanta. Wajen kilo huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya. Aka zuba mini a kofin gilashi da ruwan da bai tafasa sosai ba, babu sukari, babu madara. Kurɓar farko na ce ruwan zafi ne kawai. Sai a ta uku wani ɗanɗano mai kama da gasasshiyar gyaɗa ya taso, da ɗan zaƙi a maƙogwaro. Sarki Qianlong na ƙarni na 18 ya so shi har ya keɓe wa kansa bishiyoyi 18, suna nan an kewaye su.

Wuzhen tana arewa da Hangzhou, garin da titunansa ruwa ne, gidajen katako sun tsoma ƙafa a ciki. Gaskiya garin ya sha gyara har ya wuce misali. Ɓangaren yamma an tashi mazaunansa, an mayar da gidajen masauki da shaguna, sai ka sayi tikiti kafin ka shiga. Ga tsabta, ga fitilu, amma ba ka jin kukan jariri ko faɗan maƙwabta. Ni dai marina ce ta kai ni.

Tun daga nesa za ka hango dogayen sanduna sun fi gida hawa biyu tsawo, an rataya yadudduka shuɗaye masu farin zane suna lilo. Warin da ya tare ni a ƙofa na san shi, warin karofi ne, wanda duk wanda ya taɓa wucewa ta Ƙofar Mata ya sani. Su a manyan randuna suke jiƙa babansu, ba a rami ba. Inda muka rabu shi ne wajen fitar da zane. Mu ɗauri muke yi da zare ko ɗinki. Su kuwa takarda mai kauri suke shafa wa mai, su huda ta da zanen fure ko kifi ko tsuntsu, su shimfiɗa a kan farin yadi, su shafe da kwaɓin garin waken suya da farar ƙasa. In an ɗaga takardar, kwaɓin ya zauna a inda aka huda. Sai a bar shi ya bushe na kwanaki, sannan a tsoma. Yadin yakan fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya kai duhun da ake so. Daga ƙarshe a kankare kwaɓin da wuƙa, farin zane ya bayyana. Na nuna wa marinin hoton ramukan Ƙofar Mata a wayata, na rubuta masa 1498. Ya daɗe yana kallo, ya kira abokin aikinsa, sannan ya miƙo hannunsa kusa da hoton hannun marinin Kano. Farcen duka biyun baƙi-shuɗi.

Na tambaye shi wa ke sayen yadin. Ya ce baƙi masu yawon buɗe ido, su yi jaka ko gyale ko labule. Mutanen gari sun daina sa shi tun zamanin kakarsa. Wato shi ma injin ya kashe masa kasuwa kamar yadda ya kashe wa namu, bambancin kawai shi an ba shi albashi da rumfa ya ci gaba da yi ana kallo. Ban san ko in kira wannan rayuwar sana'a ba ko ajiyarta, amma ko ba komai akwai yara biyu a gefensa suna koyon yankan takarda.

Injin da ya yi wannan aika-aika ba shi da nisa. Keqiao, a gefen Shaoxing, tana cikin manyan kasuwannin yadi na duniya, kuma dila-dilan da ake saukewa a Kantin Kwari da yawansu daga nan suke tasowa. Na tuna 2015, lokacin da marinan Kano suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan kayan China sun raba su da abinci. Na bi layin leshi da na yadin maza na ga zanen da na sani a jikin mutanen unguwarmu. Ban ji haushin kowa ba, na dai ji wani iri.

Shaoxing kanta tsohon gari ne na gadojin dutse da ƙananan kwale-kwale masu baƙar rumfa, waɗanda matuƙinsu yake zama a baya ya tuƙa da ƙafa, hannu yana riƙe da ƙaramin filafili yana saita hanya. Ita ce kuma garin giyar shinkafar da aka gargaɗe ni a kai, tuluna jere a ko'ina. Amma akwai abin da ya haɗa mu da ita wanda ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Koren shayin nan mai ƙananan ƙwallaye, wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi a Agadas da Damagaram da majalisun Kano, a sha na farko da na biyu da na uku, asalinsa Pingshui ne, wani gari a kudancin Shaoxing. Ana murza ganyen ya dunƙule don ya jure doguwar tafiya. Har yau daga wannan lardi ake loda yawancinsa zuwa Maroko da Afirka ta Yamma, da lambar nan 3505 a jikin kwali. Su kansu ba su cika shansa ba, kuma da na kwatanta wa wani mai shago yawan sukarin da muke zubawa, sai ya riƙe baki.

Zangona na ƙarshe Ningbo. Tashar jiragen ruwanta, haɗe da ta Zhoushan, ita ce ta fi kowace a duniya yawan nauyin kaya, ta wuce tan biliyan ɗaya a shekara tun 2017. Ba a barin mutum ya shiga, daga nesa na hango ƙugiyoyin ɗaukar kaya. Abin da na je gani a cikin gari yake: Tianyi, ɗakin karatu na gida mafi tsufa da ya rage a China.

Wani babban ma'aikacin daular Ming, Fan Qin, ya gina shi a 1561 bayan ya bar aiki, ya tara littafi kusan 70,000. Abin da ya fi tsoro wuta ne, don haka ya haƙa tafki a gaban ginin, ya raba shi da gidajen kwana, ya hana shiga da fitila ko wani abu mai hayaƙi. Littattafan a bene suke, cikin kabad masu ƙofa gaba da baya don iska ta ratsa, ana sa wani ganye mai ƙamshi a tsakanin shafuka saboda ƙwari. Da ya tsufa ya raba dukiyarsa kashi biyu: azurfa a gefe guda, littattafai duka a gefe guda, ya ce ba za a raba su ba. Babban ɗansa ya ɗauki littattafan. Zuriyar ta ƙara nata sharuɗɗan: littafi ba ya fita, makullai a rarraba su tsakanin ɗakunan gidan, ba a buɗewa sai kowa ya hallara, wanda ya saɓa a hana shi halartar bikin tuna kakanni. Sai a 1673 aka fara barin baƙo ya hau benen, malami Huang Zongxi. Duk wanda ya ga yadda littattafan malaminmu kan watse ranar rabon gado, wannan ya ɗauki rabin Muwaɗɗa wancan ya ɗauki rabi, zai gane abin da mutumin nan ya hango.

Wuta ba ta taɓa cin ginin ba, amma mutane sun ci. Sojojin Ingila da suka mamaye Ningbo a 1841 sun ɗebi wasu. A 1914 wani ɓarawo ya shiga ta rufi ya ɓuya a ciki, da rana ya yi barci, da dare ya riƙa miƙa littattafai ga abokansa da ke jira da kwale-kwale, kuma da yake ba a buɗe ɗakin sai an taru, an daɗe ba a farga ba. Sai da littattafan suka fara bayyana a shagunan Shanghai. Wani mai kamfanin ɗab'i, Zhang Yuanji, ya sa kuɗi ya fanshi wasu daga ciki don kada su bar ƙasar, ya ajiye su a ɗakin karatun kamfaninsa a Shanghai. A farkon 1932, da yaƙi ya ɓarke da Japan a birnin, wannan ɗakin karatu ya ƙone ƙurmus da abin da ke cikinsa.